Wafa'a Mai Nazarin Kan Iyaka

A Umbadda aka haifi Wafa'a Mika'ilu, can yammacin Omdurman a ƙasar Sudan. Kakanta ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya noman auduga. Bai ƙarasa Makka ba, bai kuma koma gida ba. Mahaifinta ya sayar da kayan yaji a kasuwar Suk al-Shabi har Allah ya yi masa rasuwa. Ita ce auta, ita kaɗai ce kuma ta taka jami'a a gidansu.

Da ta gama digiri, sai wata malamarta, Daktora Awadiyya, ta jawo ta cibiyar nazarin ƙasashen maƙwabta a jami'arsu da ke Khartum. Abin da Wafa'a ta zaɓa shi ne yadda dangin da suka warwatsu a Sudan da Chadi da Nijar da Nijeriya ke riƙe zumunci: wa ke kai saƙon rasuwa, wace hanya amarya ke bi, yaya ake yi idan gwamnatoci sun yi faɗa sun rufe iyaka. Takan yini a tashar mota tana shan shayi da direbobi da tsofaffin mata masu fatauci. Ta san garuruwan hanyar Chadi, Junaina da Adare da Abeche, a bakin mutane, har ta san inda mota ke kafewa da damina, amma ita ƙafarta ba ta taɓa wuce Kosti ba.

A farkon shekarar 2023 wata jami'a a Turai ta gayyace ta ta gabatar da bincikenta. Ta sha wuya kafin ta sami fasfo, don sai da aka yi ta tambayarta inda aka haifi kakanta. Cikin azumi ta kai shi ofishin jakadanci neman biza, aka ce ta dawo bayan salla. Ana nan sai yaƙi ya ɓarke. Aka kwashe ma'aikatan ofishin a jirgi, aka kulle ƙofa da fasfonta a ciki, gadojin da ake bi zuwa Khartum kuma suka cika da masu bindiga.

Maƙwabta suka yi ta tafiya, wasu Masar, wasu Gadarif. Wafa'a ba ta da abin nunawa a iyaka, mahaifiyarta Hajaratu kuma ciwon suga ya cinye mata ƙafa, ba za ta iya kwana a bayan babbar mota ba. Da ta ji ana kwashe 'yan Nijeriya, ta sami lambar wani daga cikin masu shirya motocin ta kira. Ya amsa da Hausa mai daɗi, ya tambaye ta jiharsu.

Ta ce, "Kakana mutumin Haɗeja ne."

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Sai mai takardar Nijeriya."

Ba a daɗe ba ta fita neman magani. Tana kusa da wani shingen bincike mahaifiyarta ta kira, ta amsa da Hausa. Wani mai bindiga ya ji, ya ce baƙuwa ce, irin waɗanda ake shigo da su daga yamma. Ta nuna katin ɗan ƙasa, ya ce na sayarwa ne. Suka zaunar da ita a rana har la'asar, sai da mai gidan burodin unguwarsu ya zo ya rantse ya san ubanta. Daga ranar ta daina Hausa a waje, ko da a waya.

Daktora Awadiyya ta isa Alƙahira. Duk lokacin da layin waya ya samu takan aiko saƙo, tana tambayar lafiya, tana cewa abin da Wafa'a ke gani yanzu shi ne ainihin bincikensu, ta daure ta rubuta. Wafa'a ta gwada. Takan zauna a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta gidansu, ta fara rubutu, sai ƙarar harbi ta mayar da ita ɗaki. Daga baya ma ta rasa abin cewa, don tun da aka fara yaƙin ba ta ga komai ba sai layinsu da famfon da ya ƙafe.

Da abinci ya yanke a Umbadda, ta ɗora mahaifiyarta a keken jaki suka nufi Sawra, arewacin gari, inda aka ba su kusurwa a ajin wata makaranta. Ta shiga aikin takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, tana tuƙa adas, wani irin ƙaramin wake, a babbar tukunya. Wata rana tana wanke wa mahaifiyarta ƙafa, Hajaratu ta ce mata, "Ki bi mutane ki tafi, Wafa'a. Ni na gama tawa."

Ta ce, "Yumma, ko na yarda, ba inda za a bar ni in shiga." Ta ci gaba da naɗa bandeji.

Bayan faɗa ya lafa a birnin ta sami sabon fasfo. Taron Turai an daɗe da yin sa. Cibiyar ta koma aiki daga Alƙahira, Daktora ta ce an ajiye mata gurbi, amma izinin shiga Masar ya ƙi fitowa, kuma a lokacin an riga an yanke wa Hajaratu ƙafar, tana bukatar mai ɗaga ta safe da yamma.

Sun koma Umbadda. Sun tarar da gidan a tsaye, sai dai an cire ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin wuta daga bango. Wafa'a ta rataya tabarma a bakin ɗakin mahaifiyarta. Kwanakin nan tana zagaya unguwa tana neman mai walda da zai haɗa musu ƙofa kafin damina. Cikin biyun da ta sani, ɗaya ya tafi Libiya, ɗayan kuma an ce bai dawo daga Madani ba tukuna.