Malama Miriyamu da Kabarin Hamma Bakari

Idan ka biyo ta Lokuwa da misalin ƙarfe bakwai na safe, za ka ga wata dattijuwa doguwa, laima a hammata ko da hadari ko babu, tana sauri kamar wadda aka aika. Ba ta hawa keke napep sai ranar da gwiwa ta matsa mata. Takan tsaya ta sayi ƙosai, ta gaisa da mai faci da Fulatanci, ta gaisa da matar da ke sharar ƙofar coci da yaren Michika, sannan ta shige wata 'yar makarantar firamare inda take koyar da Turanci. Yara na kiranta Malama Tailan, ta gaji da hana su ta ƙyale. Sunanta Miriyamu Tizhe. Ƙarshen wannan zangon za ta ajiye alli, bayan shekara talatin da takwas tana koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki a ƙasar Tailan.

Makarantar za ta yi mata walima, a ba ta kwalin kofuna, hedimasta ya karanta jawabi. Na san abin da zai ce: ba ta makara, ba ta dukan yara. Duk gaskiya ne. Amma ni Umaima, da ba ɗalibarta ba ce, ba kuma 'yar cocinsu ba, ina da maganar da ta fi wannan nauyi. In kuwa na tsaya jiran ta ba ni izini, sai in tsufa ban faɗa ba.

Yayana, Hamma Bakari, fatauci ya fara tsakanin Mubi da Belel, daga nan ya tafi Tailan saro tufafi. Da yake ya yi karatun Larabci, sai ya sami aiki a wani gidan abinci a Pataya, garin shaƙatawa na bakin teku, yana yi wa Larabawa masu yawon buɗe ido tafinta. Yakan ba mu labarin garin a waya mu yi ta dariya. Ya ce tsofaffin Turawa ne suka kwashi fanshonsu suka tare a can, kullum suna shanye a rairayi kamar kilishi. Ya ce kowa baƙo ne, kuma ba ruwan kowa da kowa. Sai ka shekara kana haɗuwa da maƙwabcinka a matakala bai taɓa tambayarka yaya gida ba.

Ranar da ya haɗu da Malama Miriyamu ina kan layi, da kunnena na ji. Yana kasuwa yana yi mini faɗa a kan maganin Dada, wato mahaifiyarmu, sai na ji muryar mace ta katse shi.

"Kai, ɗan Mubi! Wace unguwa?"

Hamma ya ce, "Wuro Patuji."

"Ni Lokuwa. Ka ci abinci?"

Ya manta da ni a wayar gaba ɗaya. Tun daga ranar yake kiranta Adda, yadda muke kiran babbar yaya. Ita tana koyar da 'ya'yan ma'aikatan otal-otal, shi yana wajen Larabawansa. Ranar Lahadi in ta taso daga coci yakan je ya ci tuwo, da azumi kuma ita ke dama masa kunu.

Sai korona ta zo. Jirage suka daina sauka, aka rufe otal-otal, aka rufe gidan abincin su Hamma, aka ɗaure bakin teku da igiya. Garin da aka gina don baƙi ya wayi gari ba mai zuwa, waɗanda ke ciki kuma ba hanyar fita. Vandi, wani ɗan Michika da ya je can buga ƙwallo kulob ɗinsa ya watse, yanzu yana sayar da waya a nan kasuwar Mubi, shi ya ba ni labarin wannan lokacin. Ya ce Malama ta sayi babbar tukunya. Kullum da rana ta tuƙa tuwon garin shinkafa da miyar kuɓewa, ta jera kwanuka a matakala saboda an hana cakuɗuwa, ta koma ta tsaya daga sama da takunkumi a fuska tana duba wa ya zo, wa bai zo ba. Wanda bai zo ba sai ta kira shi ta ji dalili. Akwai mawaƙiya 'yar Filifin, akwai 'yan Gana biyu, har da wani tsohon Bajamushe da ya shekara shida bai amsa mata gaisuwa ba. Vandi ya ce ranar da tsohon ya fito da kwanonsa, ko kallon banza ba ta yi masa ba, nama ma ta ƙara masa.

Da daminar 2021 cutar ta kama Hamma. Kwana huɗu yana tari, aka zo da mota aka ɗauke shi, wayarsa ta mutu. Kwana tara ba mu ji muryarsa ba. Ran na goma, ina shanya gyaɗa bayan azahar, sai ga kiran Malama.

"Umaima, kina tsaye? Nemi wuri ki zauna."

Na zauna a kan turmi. Ta faɗa mini kai tsaye, ba ta yi ta kewaye-kewaye ba. Na yi salati, na yi kuka, ta bar ni na yi. Sannan ta ce akwai sauran magana. Mutanen ƙasar, mafi yawansu, ƙona mamatansu suke yi, al'adarsu ce, ba wulaƙanci ba ne a wurinsu. Asibitin ya cika, kuma an gaya mata in ba a sami ɗan'uwan mamaci ya zo ya karɓe shi cikin kwana uku ba, da shi za a haɗa a ƙona.

Ban san Dada na bayana ba. "Wuta?" ta ce. "Ɗana?" Ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango ta sulale ta zauna, idonta a bushe. Wallahi da ta kurma ihu da ya fi mini sauƙi.

Adda, ke ce kika tashi a ranar kika nufi asibitin da kowa ke gudu. Aka miƙo miki takarda, wurin da aka ce dangantaka kika rubuta yayarsa. Ma'aikaciyar ta duba fasfonki, ta duba nasa, ta ce sunaye ba ɗaya ba, addini ba ɗaya ba, ta yaya? Vandi yana tsaye daga nesa, ya ji amsarki: "Shekara huɗu yana kirana yayarsa ban taɓa ce masa a'a ba. Ba kuwa yau zan fara ba." Matar ba ta yi gardama ba, amma ta ce doka sai da wasiƙa daga uwarsa.

Da safe na kai Dada shagon masu buga takardu a bakin kasuwa. Aka rubuta, aka karanta mata, ta dangwala babban yatsanta, aka tura. Kwana ɗaya ya tafi.

Saura inda za a sa shi. Malama ba ta san ko Musulmi ɗaya ɗan ƙasar ba, sai dai ta taɓa jin kiran salla daga wata unguwa a bayan gari. Ta hau ɗan acaɓa ta yi ta tambaya da guntun yarensu har ta isa masallacin, ta tarar da shi a rufe saboda kulle. Ta zauna a inuwar katanga daga hantsi har la'asar, sai ga limamin ya leƙo. Ya saurare ta, ya ce maƙabartarsu ƙarama ce, ta 'yan unguwa ce, sai ya yi shawara da dattawa. Ta ce to, tana nan. Ya ce ta je gida zai kira. Ta ce ya yi haƙuri, a garinsu ba a barin gawa a tafi gida. Kafin magariba suka amince.

Abin da har yau yake sa ni hawaye shi ne, ba wanda ya koya mata yadda muke yi. Zaman maƙwabtaka ne kawai. Ta san ba ma jinkirta gawa, ta san farin yadi ne ba akwatin ado ba, ta san ana fuskantar da mamaci alƙibla. Da kanta ta buga wa wani mai shagon yadi ƙofa ta yanko likkafani, ko da yake an ce mata ba za a buɗe jakar da asibiti ya rufe gawarsa a ciki ba. Ta ce a naɗe daga waje. Ran na uku da safe aka yi masa salla aka kai shi.

Ba a banza ta sha wannan ba. An killace ta mako biyu saboda shigarta asibitin. Iyayen yara suka ji labari suka tsorata, aka buɗe makaranta ba a sake kiranta ba. Ba daga bakinta na ji ba, Vandi ne ya tona.

Mu kuwa a nan, da na zaci magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. A zaman makoki wata mai dogon baki ta ce, a gaban Dada, "Ai haka suke yi, sai sun ƙona su ce an binne, don hankalin iyaye ya kwanta." Allah ya isa tsakanina da wannan matar. Malama ta turo hoton kabarin da limamin ya ɗauka, na kai wa Dada har gaban ido. Ta ture wayar ta ce, "Tudun ƙasa ko ni ina iya tarawa." Na ce ga Adda a layi, ki tambaye ta. Ta ce ba a tambayar irin wannan sai ana kallon idon mutum. Shekara biyu tana sallarta, tana yi masa addu'a, amma in an hura wutar girki sai ta tashi ta bar tsakar gida. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa.

Malama ta dawo Mubi a 2023. Kwana biyu da saukarta ta zo gidanmu. Na tare ta a zaure, na riƙe hannunta, don tuni Vandi ya gaya mini abin da Dada ba ta sani ba.

"Adda, don Allah, in ta tambaye ki, ki ce kin gani da idonki."

Ta dube ni ta ce, "Mu shiga, Umaima."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa. Dada ta matso har gwiwarsu na taɓa juna, ta kafa mata ido.

"'Yar nan, tambaya ɗaya gare ni. Da idonki kika ga an sa shi a rami?"

"A'a, Dada. Ban gani ba."

A raina na ce shi ke nan, matar nan ta kashe mana uwa da gaskiyarta.

"Hana ki aka yi?"

"Ba wanda ya hana ni. Limamin ma cewa ya yi in shigo, tunda ni ce 'yar'uwar mamacin. Amma tun tasowata a Mubi ban taɓa ganin mace ta bi gawarku har bakin kabari ba. Na ce ba a kan Bakari zan ɓata muku ba. Na tsaya a ƙofar maƙabarta. Mutum shida suka shiga da shi a kafaɗa, cikin fararen rigunan asibiti. Na ji ƙarar shebur. Da suka fito ba komai a hannunsu, rigunan nan duk jar ƙasa har gwiwa."

"Ƙasa?"

"Ƙasa, Dada. Jiƙaƙƙiya ma, an yi ruwa da asuba."

Dada ta ce, "Da kin ce kin gani, da na san lallashina kike yi. Wadda ta san ta tsaya a ƙofa, ta san sauran." Sai ta kifa kanta a cinyar Malama ta fashe da kukan da ta riƙe shekara biyu. Maƙwabta suka shigo a guje, sun zaci wata rasuwar aka yi. Malama na shafa bayanta, ita ma hawaye na zuba, ba ta ce mata ta yi shiru ba.

Adda Miriyamu, 'yar Tizhe, uwar baƙi a garin da ba na kowa ba. Ke ce kika rasa aikinki don gawar wanda ba ku haɗa uwa ko uba ba, ke ce kuma kika ƙi yi wa tsohuwa ƙarya ko da ni 'yarta na roƙe ki. Na ji kunyar roƙon nan, har yau ina ji. Useko, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki ci hutunki cikin jikoki, ya tsaya miki yadda kika tsaya mana.

Ku kuma 'yan Mubi da ke warwatse a ƙasashen mutane, in kun ji Hausar gida a kasuwa, kada ku sunkuyar da kai ku wuce. Ku tambayi unguwa, ku karɓi lamba, ku san ƙofar juna tun ana lafiya. Mu na gida kuma mu riƙa lura da yadda maƙwabcinmu yake suna, yake aure, yake binne nasa, ko da ba addininmu ɗaya ba, don ba mu san ranar da za a bar mana gawarsa mu kaɗai ba.

Dada ta rasu bara, a ɗakinta, cikin 'ya'yanta. Ranar da za a fita da ita mata sun cika gida, Malama na cikinmu da ɗankwalinta na zumuntar coci. Da maza suka ɗaga makara, wata baƙuwa ta tambaye ni ko wannan Kiristar wace ce, ta ga ta fi kowa kuka. Na ce mata babbar yayarmu ce.