Ƙwayoyin Inna da 'yan dubiya

Daminar da aka yi wa Inna aiki a ƙugu ba za ta taɓa fita raina ba. Zamewa ta yi a bakin rijiya nan Madarunfa, ƙashin ya karye, aka kai ta babban asibitin Maraɗi aka sa mata ƙarfe. Ranar sallama lokotoro, wato likita, ya ba ni kwalbar ƙwayoyi ta wata guda. Ya ce ta riƙa sha zafi ya lafa, ta samu ta taka ƙafar kullum. In ta kwanta, gaɓar za ta sanƙare.

Kwana goma tana zagaya tsakar gida da sanda, sai ta daina. Zama ya gagare ta, kwanciya ta gagare ta. Ta juya dama, ta juya hagu, zufa na zuba. Ni ma na kasa tsayawa wuri guda. Ina cikin safa da marwa wata maƙwabciyarmu ta shigo da fartanya a kafaɗa.

"Ɗan nan, maganin uwarka sai godiya! Tun da na sha guda nake noma kamar budurwa."

Na ɗauko kwalbar na girgiza. Shiru.

"Inna, rabawa kika yi?"

"Mace ta tako tun daga Gabi ta zo duba ni, tana dafe da baya, in sallame ta da ruwa? Ni ai na iya dauriya."

Sai a lokacin na gaya mata abin da lokotoro ya ce. Na ɓoye mata ne tun farko don kar hankalinta ya tashi.

"Ashe ƙafata nake ta rabawa, kai kuma kana gefe ka yi shiru."

Gulbi ya cika, ba motar da ke wucewa. Kwana biyar ina zuwa bakin ruwa ina dawowa kafin na kai Maraɗi na samo wasu ƙwayoyin. Ta sha, ta ci gaba da takawa, amma gaɓar ta riga ta riƙe. Ta yi tafiya, sai dai da sanda har ƙarshen rayuwarta, gona kuwa ba ta sake zuwa ba.

Na daɗe ina ganin laifin kyautarta, alhali laifin nawa ne. Tun daga nan na san mai ciwo ya fi kowa haƙƙin jin gaskiyar ciwonsa, ko da za ta tsorata shi.