Ranar da na kai dikodar Inna Kaura

Shekarun baya, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, ina zaune a Shinkafi tare da mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna. Ƙanwata tana aure a Zurmi, kuma tana da tsohon ciki. Kafin a katse layi kullum sai sun yi magana da Inna. Rana ɗaya aka wayi gari wayoyin sun zama na kunna fitila kawai.

Abin da ya rage mana shi ne talabijin. Muna da ƙaramin dish a kan rufin ɗaki, da dikodar da ke kamo tashoshi, da batirin sola, kuma da yake hoton daga tauraron ɗan adam yake saukowa, katse layin bai taɓa shi ba. Akwai wata tashar Hausa da ke karanta labarai bayan la'asar. Inna, wadda a da ba ta kallon komai sai wa'azi, ta koma shimfiɗa tabarma gaban akwatin tana jiran ko za a ambaci Zurmi. In aka gama ba a ambata ba, sai ta yi hamdala ta tashi.

Wata rana muka kunna, tashar ba ta nan. Sauran tashoshi suna aiki, na Indiya da na Larabawa, amma tamu baƙi ƙirin. Inna ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Ita ma sun kashe ta. Wani abu ya faru da ba su son mu ji."

Na ce mata ba haka ba ne, alhali ni ma ban tabbata ba. Don in nuna mata ƙaramar matsala ce, na ɗauki rimot na shiga danne-danne kamar wanda ya san abin da yake yi. Ban san inda na taɓa ba, sai ga tashoshin gaba ɗaya sun goge, har na Indiyan. Mai gyaran da ke unguwarmu ya bar gari tun da aka rufe kasuwa. Inna ta daina cin abincin kirki. Da an buɗe ƙofar gida sai ta miƙe, ta zaci saƙon mutuwa ne.

Ina da aboki a Kaura Namoda wanda sana'arsa ke nan: yana da manyan dish a bayan shagonsa, yana kamo tashoshi ya raba wa gidaje ta waya. Na yanke shawarar kai masa dikodar. A lokacin hanyar Shinkafi zuwa Kaura ba a binta sai dole. Inna ta hana ni, na ce mata da azahar zan dawo. Na naɗe dikodar a zane na shiga mota. Kowa idonsa na kan dawar da ta yi tsawo a bakin hanya, in direba ya rage gudu don rami sai ka ji salati ƙasa-ƙasa.

Da na isa na tambayi abokina ko gwamnati ce ta rufe tashar. Ya nuna mini talabijin ɗin shagonsa, ga ta nan tana talla. Ya ce tashar tana harba shirinta sama ne zuwa tauraro, tauraron ya watso shi ƙasa ga duk mai dish, da irinsa mai raba wa gidaje da irinmu masu kamawa kai tsaye. Abin da ya faru kawai, sun sauya mitar da suke watsawa a kai. Ya ce sun daɗe suna rubuta sanarwar a ƙasan allo, mu dai hankalinmu na kan bakin mai karanta labarai. Ya jona dikodar da dish ɗinsa ya dawo da tashoshin, ya kuma roƙe ni don Allah in bar rimot ya huta.

A tashar mota na sami wani direban Zurmi. Ya ce garin lafiya lau gwargwado, na kwatanta masa gidan mijin ƙanwata na ba shi saƙo. Amma motar Shinkafi ba ta cika da wuri ba, kuma a hanya sojoji suka tsare mu a wani shinge, suka ce a jira sai an duba gaba. Muka zauna rana tana yin ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne babu yadda zan gaya wa Inna ina raye.

Ana kiran magariba na shiga unguwa. Na same ta tsaye a zaure, abin da ban taɓa gani ba. Na ɗaga dikodar ina murmushi, ko kallonta ba ta yi ba. Ta kama hannun rigata ta riƙe gam, ta ce, "Da safe ɗiya guda nika tunani. Tun azahar kun zama biyu. Kada ka sake yi mini haka."

Tashar ta dawo, kuma ba a ambaci Zurmi ba. Bayan wasu kwanaki mijin ƙanwata ya zo da kansa ya ce ta sauka lafiya, an sami mace.

Yarinyar yanzu tana makaranta, layi ya daɗe da dawowa. Amma nakan tuna cewa na san yadda hoto yake tashi daga wani gari mai nisa ya je sama ya sauko rufin ɗakinmu, alhali labarin ƙanwata da ke nan kusa sai da mutum ya sa ransa a hanya ya kawo shi. Shi ya sa har yau in zan yi tafiya, ko Kaura ce, ba na yi wa Inna alkawarin lokacin dawowa. Ina isa nake kiranta, tun kafin in sauka daga mota.