Inusa Mai Keke da Littafi na Tara

Inusa mai gyaran keke bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Ya haura shekara talatin aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Madarunfa, wajen 1964, muka shiga mu ashirin. Kafin wata uku mun watse, ni kam kifi ne ya kira ni tafki, amma shi ya liƙe wa karatun kamar ƙarangiya har ya iya. Sunana Lawali, rumfata ta sayar da kifi tana jingine da tasa, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Da ya iya karatu sai ya zama mai karanta wa mutane wasiƙa. Akwai wasu biyu a gari da suka iya, amma wurinsa ake tururuwa, saboda Inusa ba ya ƙari ba ya ragi. Idan ɗa ya rubuto wa ubansa rashin kunya, haka zai karanta masa ita. Idan mutuwa ce, ba ya kewaye-kewaye. Wata tsohuwa Barira, wadda ɗanta ɗaya tilo yake dako a Legas, ba ta yarda kowa ya buɗe mata wasiƙa sai shi. Gyaran keke bai taɓa tara masa komai ba, wannan yarda ta mutane ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ya san da haka.

Bala direba, mai bin hanyar Ɗan Issa zuwa Katsina, shi ya fara kawo masa littattafan Sajan Ƙosau. 'Yan ƙananan littattafai ne na wani ɗan sandan ciki da ke kama ɓarayi ba tare da ya ɗaga wa kowa hannu ba. Sawu yake dubawa, ya zauna da tsofaffi ya sha fura, ya yi tambaya ɗaya ya yi shiru. Duk ranar Juma'a bayan la'asar Inusa zai kife kekunan mutane, a shimfiɗa tabarmi, ya karanta mana. Al'adarmu ita ce idan ya zo babi na ƙarshe sai ya rufe littafi, kowa ya faɗi wanda yake zargi, sannan a buɗe a ji. Tanko mai bin sawu, wanda ake kira idan an saci dabba, shi ya fi kowa cin gasar. Har cewa yake Sajan abokin sana'arsa ne, da zai zo Madarunfa shi zai sauke shi. Littafi takwas muka yi a haka, babu wanda ya ba mu kunya.

Na tara ya iso a 1973, shekarar da fari ya cinye gonaki. Inusa yakan fara karantawa shi kaɗai kafin Juma'a. Ina gyaran kifi na ji ya yi tsaki, can ya sake, can na ga ya juya ya tofar da yawu.

Na ce, "Lahiya, Malam Inusa?"

Ya ce, "Littahin ga ruɓaɓɓe ne, Lawali. Ko dai marubucin ya mutu anka ba wani yaron birni alƙalaminai, ko ko ya ƙoshi ya daina ganin mutane da gashi."

Ya karanta mini 'yan wurare, ni ma raina ya ɓaci. Na ce masa, "To ka gyara shi mana. Ka tsallake ƙazantar, ka sa abin da ya kamata. Wa za shi sani?"

Ya dube ni kamar na ce ya saci akuya. Ya ce, "In na gyara ma Sajan baki yau, gobe sai in gyara ma ɗan Barira?"

Ranar Juma'a aka cika maƙil, don a shekarar nan mutane na neman abin da zai ɗauke musu hankali daga rumbunan da ba komai ciki. Inusa ya fara. An saci jaki a wani ƙauye. Sajan Ƙosau, wanda muka sani da tafiya a ƙasa, ya iso cikin mota da baƙin gilashi a ido. Bai gai da kowa ba. Ya tambayi wani dattijo, dattijon ya yi jinkirin amsa, sai ya wanka masa mari a gaban jikokinsa. Cikin masu sauraro wani ya ce a'uzu billahi. Aka ci gaba. Wai ana tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, amma ɓarawo ya ɓuya a gonar gero da ta rufe mutum. Masu noma suka fara guna-guni. Sai kuma Sajan ya durƙusa ya duba sawun jakin, ya ce ya gane shi ne saboda tsagar kofatonsa biyu ta fi ta sauran jakuna faɗi.

Tanko ya miƙe tsaye. Ya ce, "Tsaya! Jaki da tsagaggen kohwato? Saniya ce ko akuya? Sake karanta wurin ga."

Inusa ya sake, kalma kalma, har yana bin layin da yatsa. Da aka zo babi na ƙarshe ya rufe littafi kamar kullum, amma babu wanda ya iya faɗin suna, don babu abin kamawa. Ya buɗe. Ɓarawon wani mutum ne da ba a taɓa ambata ba tun farkon labarin, kuma a mafarki aka nuna wa Sajan shi.

Wallahi abin ƙyama ne, kuma da marubucin aka zaga da na taya. Amma ba shi aka zaga ba. Mutanen da suka yi shekara takwas suna ƙaunar Sajan sun kasa yarda zai mari tsoho. Takarda kuwa a wurinmu ba ta ƙarya, sai dai mai karanta ta.

Tanko ya ce, "Sajan Ƙosau da na sani ba shi hwaɗin wagga magana. Ba ta cikin littahi. Kai ka ƙaga ta, Inusa, don ka ga kullum ni ka cin gasa."

Inusa ya ce, "Ga littahi. Ku kai ma malamin lakwal shi karanta muku."

Tanko ya ce, "Ku masu boko ai bakinku ɗaya."

Inusa ya waiwayo ya dube ni. Ni kaɗai na san an ba shi shawarar gyarawa ya ƙi, don ni na ba shi. Na sunkuyar da kai ina korar ƙuda daga kifi. Tanko babban mai saye ne a wurina, kuma ban ɓoye muku ba, da na ji kowa na faɗi, ni ma zuciyata ta fara cewa ko dai. Inusa ya jefa littafin kan teburina ya koma ya ɗauki kekensa.

Daga ranar aka daina shimfiɗa tabarmi. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya karya shi bayan mako biyu ya zo, da Barira ta biyo ta gaban rumfarsa da wasiƙa ƙulle a gefen zane. Ya ajiye ƙarfe ya goge hannu zai karɓa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta wuce. Har garin Safo ta taka a ƙasa, wurin wani jikan ƙawarta, don an ce mata wanda ya yi wa Sajan ƙage zai iya yi wa ɗanta. A hankali sauran ma suka janye.

Bayan shekara biyar aka sake buɗe ajin manya, na koma, wannan karo na daure har na iya. Abu na farko da na nema shi ne littafin nan, yana soke a rufin rumfata yana ƙarnin kifi. Kwana shida na yi ina haɗa baƙi. Marin yana nan, geron bazara yana nan, tsagaggen kofato yana nan a shafi na talatin da ɗaya. Ko wasali ɗaya Inusa bai ƙara ba.

Na same shi yana ɗaure wayar ƙafar keke, furfura ta cika masa gemu. Na ce, "Malam Inusa, na karanta. Duk yana ciki. Ka yahe mini."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni na san yana ciki. Tanko na nan da rai, Barira na nan da rai. Tahi ka hwaɗa musu."

Na ce to, na miƙe. Ban je ba. A lokacin ni mutane suka fara kawo wa wasiƙunsu, kuma ina tsoron a ce bakinmu ɗaya.