Elwood da Babur ɗin da Bai Je Yaƙi Ba

Ƙarfe shida na safe Elwood Pruden yake buɗe garejinsa, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ya hura murhun itace, ya ɗora butar gahawa, ya jira ƙarfuna su ji ɗumi, domin a cewarsa wanda ya taɓa tsohon noti cikin sanyin Janairu rigima yake nema. Daga nan sai ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar bas, ya jawo fitila, ya ɗauki abin da ya ajiye jiya. Wata rana kafireta ce. Wata rana kwafin takarda ce mai shekara tamanin da aka aiko masa daga Ottawa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka a wani ƙaramin gari na kudancin Manitoba. A ƙarshen watan nan zai rufe, domin hannun ya fara rawa.

Aikin da ya ci abinci da shi gyaran bas-bas ne na 'yan makaranta. Wannan kuwa na ganin dama ne: tayar da babura da motocin soja na Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda manoma suka saye a gwanjo bayan yaƙi, suka more su, suka yar a bayan rumbu. Ko ɗaya a ciki ba nasa ba ne. Masu su ne ke kawowa, su ne kuma ke tsayawa a gefensu ranar baje koli ana ɗaukarsu hoto. In ka nemi Elwood a hoton, sai dai ka ga takalmansa sun leƙo daga ƙarƙashin mota.

Na yi maƙwabtaka da shi shekara tara, na ga abin da na gani, na kuma ji saura. Wani ya taɓa bugo masa waya daga Dakota, ya kara wayar a jikin inji. Elwood ya saurara, ya ce masa ya duba filogin baya, kuma shi ne. Ya taɓa ajiye motar wani likita shekara biyu saboda fitila ɗaya da bai samu ta ainihi ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi doka ɗaya ce: ba a kankare fenti da injin yashi sai an karanta shi. Sanfefa mai laushi, da ruwa, da yatsa biyu, shafi bayan shafi, har lambar da soja ya rubuta ta fito. Abin da injin zai share a sa'a guda, shi sai ya yi mako uku a kansa.

Wannan doka ce ta kusa raba shi da Stan Wasylyk a shekarar 2005. Stan mijin ƙanwarsa Joyce ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, kuma tun auren nan Elwood bai taɓa cin abincin Lahadi a wani wuri ba sai a teburinsu. Stan ya sayo babur ɗin soja ƙirar 1942 a gwanjon wata gona, an shafe shi da jan fentin rumbu, tankin mai ya lotsa hagu da dama. Kafin ya sauke shi daga tirela har ya gama rubuta masa tarihi.

"Dube shi da kyau, Elwood. Wannan ya ga yaƙin Normandi, can gaɓar Faransa. Ka ga lotsin nan? Ɓarɓashin bam ne."

"Ko saniya."

"Wace saniya kuma?"

"Ta mai gonar. Shekara sittin yana kwana da shanu."

"Kai dai tun haihuwarka ba ka taɓa jin daɗin komai ba."

Stan ya riga ya sayi takardar fitar da farin tauraro da tambarin rundunar da ta sauka a gaɓar Faransa. Ya sayi har kakin ulu, wanda maɓallinsa ya ƙi haɗuwa a tumbi. Burinsa kofin baje kolin watan Agusta.

Elwood ya shiga goge fenti. Ƙarƙashin ja akwai baƙi. Ƙarƙashin baƙi akwai koren soja, da 'yar lamba fara, da wata ƙatuwar sha bakwai da aka zana da rawaya, da burushi, a karkace. Ya aika lambar ga ma'ajiyar takardun gwamnati, da kuma wani tsoho a Ontario da ya ƙarar da rayuwarsa yana kwafe jerin kayan soja. Amsoshin biyu suka zo iri ɗaya. Babur ɗin na sansanin horar da kurata ne, tafiyar rabin sa'a daga garin. Bai taɓa ganin teku ba.

Ya faɗa wa Stan ranar Lahadi, Joyce na zuba musu ferogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa.

"To sai me?" in ji Stan. "Ka buge lotsin, ka shafa kore, ka sa tauraro. Wa ya sani? Daga ni sai kai."

"Ai mun isa."

"Rabin baburan da ke wajen nan duk sun je Normandi a bakin masu su."

"Na sani. Da duk sun je, da jirgin ya nitse."

"Babur ɗina ne ko naka?"

"Naka ne. Kai wa wanda zai shafa maka. Ni dai ba da hannuna ba."

Stan ya ajiye cokali. Ya ce ranar Asabar zai zo da tirela ya ɗauki kayansa, kuma daga nan Elwood ya nemi inda zai riƙa cin abincin Lahadi. Joyce ta ce ita ma da sunanta a takardar gidan, amma babu wanda ya yi dariya.

Takardar tauraron tana nan rataye a ƙusa a garejin. Elwood ya san aikin minti ashirin ne, ya kuma san Stan: in ya yi fushi da mutum, sai ya canza hanya don kada ya wuce ta ƙofar gidansa. Bai sauko da takardar ba. Bai je ba da haƙuri ba, domin bai ga laifin da ya yi ba. Abin da ya iya shi ya yi, wato bincike. Ya bi ƙungiyoyin tsofaffin soja ɗaya bayan ɗaya a waya, yana tambayar ko akwai mai rai da ya koyi babur a sansanin nan. A ta bakwai aka ba shi suna.

Da Stan ya iso ranar Asabar, fuska a murtuke, ya tarar da wani tsoho mai sanda zaune a kujerar bas. Cyril Beaudry ke nan, ɗan shekara tamanin da uku, wanda Elwood ya ɗauko daga gidan tsofaffi a Brandon.

"Naka ne, ɗana?" in ji tsohon. Stan na da shekara sittin da ɗaya a lokacin, an daɗe ba a ce masa ɗana ba. "Lambar dai ban tuna ta ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Baburan sansanin sun kai talatin, kuma duk mugaye ne."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗora tafinsa a lotsin hagu, ya fara dariya.

"Wannan na ranar farko ne. Kuloci a ƙafa, giya a hannu. Ka tsaya, ka ji za ka faɗi, ka sauke ƙafar hagu ƙasa, to ka saki kuloci ke nan. Sai ya zabura da kai cikin shinge. Na dama kuwa na tudun yashi ne. Ni sau tara na faɗi a makon farko. Sajenmu ya ce, Beaudry, gara ka karye a nan, inda akwai mai ɗaukarka."

"Daga baya kun ƙetare, Baba?" in ji Stan.

"Wata goma sha huɗu a Italiya ina kai saƙo. Sau ɗaya na faɗi, shi ma alfadari ne ya jawo. Duk faɗuwata a nan na gama ta, a kan irin wannan." Ya shafa tankin. "Kada dai ku ce za ku buge lotsin nan."

Elwood ya ɗauki tsumma yana goge sifana mai tsabta.

Stan ya dubi tankin, ya dubi tsohon, ya gyara hula. "Wa ya ce za a buge? Ni tun farko na ce masa ya bari. Ka san bakanike, Baba, komai so yake ya yi ƙyalli."

Har yau Elwood bai ƙaryata shi ba. Washegari Joyce ta ajiye faranti uku.

A watan Agusta babur ɗin ya shiga gasa da lotsinsa da karkatacciyar sha bakwai ɗinsa. Ya zo na huɗu cikin biyar. Kofin ya tafi wajen wani mai tauraro wanda ana iya aske gemu a jikin tankinsa.

Kai ne, Elwood, mai karanta fenti, da ka san ba kowane ƙarfe ne ya je fagen daga ba, kuma wanda ya tsaya a gida ana faɗuwa a kansa shi ma aiki ya yi. Kai ne ka bar surukinka ya ɗauki gaskiyarka ya ce tasa ce, saboda gaskiyar kake so ta tsaya, ba sunanka ba. Motoci da babura sittin da wani abu suka fita daga garejinka, babu ɗaya da ke ɗauke da labarin da ba nasa ba.

Ranar Asabar da ta wuce an yi wa Elwood 'yar walima a zauren tsofaffin soja, da shayi da kek ɗin da Joyce ta toya. Aka ce Stan ya yi jawabi. Ya miƙe, ya riƙe bayan kujera.

"Mutumin nan ya hana ni kofi ɗaya tak da zan ci a rayuwata," in ji shi. "Shekara goma sha tara ina jira ya ba ni haƙuri. In wani a cikinku yana da abin gyara, ya yi sauri kafin ƙarshen wata, don bayansa sai dai ku koma wajen maƙaryata."

Ya zauna. Elwood ya miƙa masa kek.

Mun gode, Elwood. Allah ya ba hannun sauƙi, ya sa hutun ya yi maka daɗi, ko da yake mun san ba ka iya shi ba. Mu kuma da muka rage, duk wanda tsohon abu ya faɗo hannunsa, babur ne, ko takarda, ko labarin kakansa, ya goge a hankali, ya faɗi abin da ya gani a ƙasa, ko da na huɗu zai zo.