Giginya Biyu a Cikin Ruwa

Shekarar da ruwan madatsar Kainji ya gama haɗiye tsibirinmu aka tura ni kwas ɗin malamai a Yelwa. Ban so zuwa ba. Na gaji da jigilar tukwane da awaki zuwa gidajen simintin da aka jera mana a tudu, na gaji da jin Inna kullum tana cewa ɗakinta ba ya shan iska. Amma takarda ta zo, kuma malamin firamare ba ya musu da takarda.

Ranar farko malamin kwas ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu. Na Shanga ya miƙe, na Ngaski ya miƙe, na Birnin Yawuri ya yi ta yabon garinsu har aka zaunar da shi. Da aka zo kaina na faɗi sunana, sai na tsaya. Sunan tsibirin zan faɗa, ko na sabon ƙauyen da ko karnukansa ba su san ni ba tukuna?

Ɗan gwaggona, wanda tare muka tashi a tsibirin kuma abokin wasana ne, shi ya amsa daga bencin baya.

"Malam, garinsu na nan ƙalau, sai dai in za ka ziyara ka taho da taru."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba a fushi da taubashi a gaban mutane, amma maganar ta yi min ciwo.

Darasin makon a kan yadda kan mutum yake aiki ne. Malam ya ce ido da kunne suna kwasar abubuwa da yawa, hankali ya tsaya a kan kaɗan, a cikin kaɗan ɗin ma sai wanda aka maimaita yake zama. Ya ce mu ajiye alƙalami mu saurara, ya karanto mana kalmomi: taru, ƙugiya, jirgi, filafili, ruwa, ƙaya, banda, kasuwa. Sannan ya ce mu rubuta abin da muka ji. Kusan dukanmu muka rubuta kifi. Ya ce bai faɗi kifi ba. Muka yi masa ca, ni har da rantsuwa, sai da ya nuna mana takardarsa.

"Kun gani," in ji shi. "Ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce da za ka ɗebo abin da ka zuba. Duk lokacin da ka tuna abu, sake gina shi kake yi, inda ƙasa ta gaza ka cike da wadda ke kusa."

Na rubuta wannan a littafina ina hamma. Washegari ya ce kowa ya zana garinsu daga ka.

A tsibirinmu giginya biyu ce. Ɗaya a arewa, ɗaya a kudu, tsakaninsu tafiya ce mai ɗan nisa. A gindin ɗaya maƙabarta take, a gindin ɗayar lambunan albasa. Na zana maƙabarta a arewa ba tare da wani tunani ba, don da kafaɗata na ɗauki Baba zuwa can. Da na leƙa takardar ɗan gwaggona, sai na ga ya sa ta a kudu.

"Kai dai boko bai amfane ka ba," na ce.

"Ni ko kai? Ba ta bayan gidan sarkin ruwa munka bi da kawu ba?"

Na buɗe baki in ƙaryata shi, sai na ga hanyar tasa a raina sarai, har da darnin da muka raɓa. Na rufe ido, na ga tawa ita ma sarai. Wasa ya ƙare a nan, kowa ya naɗe takardarsa. Na ji haushin malam fiye da na ɗan gwaggona, domin kafin kifin nan nasa ban taɓa shakkar kaina ba.

Abin da ya sa ya dame ni shi ne alkawarin da na yi wa Inna. Mata a wajenmu ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka ba ta taɓa tsayawa a kan kabarin mijinta ba. Da ruwa ya rufe wurin sai ta ce ai yanzu ba wanda zai ce ta taka maƙabarta, in kai ta a jirgi ta yi masa addu'a daga sama. Na ce da na gama kwas.

Na tambayi dattawa biyu a sabon ƙauye. Ɗaya ya ce arewa. Ɗayan ya nuna da hannu, sai ya tsaya ya ce tun da aka dawo da su tudu gabas ma rikice masa take yi. Ban ƙara tambayar kowa ba.

Muka fita da hantsi a jirgin aro. Ruwa ya shimfiɗe ko'ina, babu darni, babu hanya, sai kawunan giginyar nan biyu da suka rage a sama, ganyensu ya fara bushewa. Na tuƙa zuwa ta arewa. Na riƙe ganyen don jirgi ya tsaya.

"Nan ne, Inna."

Ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a. Ni kuwa ruwa nake kallo, kunya ta ishe ni. Da ta shafa sai ta dube ni. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Malam, kai ni ga waccan ma."

"Don mi, Inna?"

"Tun kana goye nike gane in ba ka da tabbas. Sau ukku ka waiga tun da munka taso. In ba shi nan, shina can. Tuƙa."

Na tuƙa zuwa ta kudu. A can ma ta yi addu'ar, daidai tsawon ta farko, ba ta rage komai ba. Ba ta zarge ni ba, kuma da ta zarge ni da ya fi min sauƙi.

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa bayan nan, ina gaya wa yara su maimaita abu don ya zauna. Ni na maimaita hanyar nan ya fi a ƙirga, har yau biyu ce.

Shekara ɗaya bayan zuwanmu na farko, Inna ta ce mu koma. Muka tarar duka giginyoyin sun faɗi, ruwa ne kawai har ƙarshen gani. Na tsaya da filafili a hannu ban san inda zan nufa ba. Ta ce in yi ta tuƙi. Tun daga ranar har ta rasu, duk inda hannuna ya gaji, nan muke tsayawa mu gaishe da Baba.