Ƙofar Inna a Kan Takarda

Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, har kwandunan kai kaya kasuwa suka koma wurin kwanan kaji, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. A cikinta kuma bangon ɗakin mahaifiyata ya tsage. Aikin fadama ya tsaya, sai na sami lokacin abu biyu: haɗa baƙi da wasali, da ja-in-ja da Inna.

Tsagar ta taso daga sama har kusa da kan gadonta, hannun babba yana shiga, ga damina ta kusa. Ƙanena da ke aiki a Kaduna ya ce zai aiko da siminti da kwano a yi mata sabon ɗaki, amma ba za a aza bulo ko ɗaya ba sai an zana ginin, kuma sai ita ta ce zanen ya yi mata.

Mai zanen wani dattijo ne da ke da shago a cikin garin Ikara, kowa Injiniya yake ce masa. Ya ja layuka huɗu a kwamfuta, ya rubuta "ɗakin Inna" a tsakiya, na karanta da kaina, na sake karantawa don ya san na iya. Sannan ya tambaye ni inda za a sa ƙofa.

To, ƙofar tsohon ɗakin nata zaure take kallo. Daga kan tabarmarta Inna tana ganin duk mai shiga da mai fita. In na shigo da tsire a leda, ta riga matata sani. In na daɗe a majalisa, gyaran muryarta ke tarbata. Saboda haka na ɗora yatsa a kan bangon baya, wanda ke kallon turken awaki.

"Nan, Injiniya. Tsofaffi suna son iska."

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ina tsugune a gabanta za ta ba matata saƙo zuwa gare ni. Da na kawo takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta tambayi matata a hankali, "Ina zaure a nan?" Aka nuna mata. Sai ta taɓa wani lanƙwasasshen layi.

"Wannan mai kama da lauje fa?"

Na ce hanyar da ƙyaure yake bi ke nan in an buɗe shi, haka masu zane suke nuna ƙofa.

Ta dubi matata. "A gaya wa mai takarda, ni ba na kwana a ɗakin da aka bar ƙofarsa a hangame. Ko kaza tana da murfi a akurkinta."

Na san ba wannan ne damuwarta ba, ita ma ta san na sani. Amma haƙuri a wurinta na gada. Washegari na hau babur na koma Ikara. Injiniya ya yi dariya har ya cire tabarau, ya taɓa wani wuri, ƙyauren ya kwanta a jikin bango, laujen ya ɓace. A nan na gane cewa a cikin na'urar nan ƙofa baiwa ce, yadda aka ce ta tsaya haka take tsayawa.

Inna ta duba sabuwar takardar. "Rufe ruf da rana tsaka? Ɗakin marowaci ne, ko an ce masa ina takaba? Ta ina za a yi mini sallama?"

Na koma. Aka buɗe ƙofar rabi.

"Ƙofar mai leƙe," in ji ta. "Ba ta buɗe ba, ba ta rufe ba, kamar bakin magulmaci."

Zuwa lokacin har mai shayin da ke gefen shagon ya san ni. In ya hango babur ɗina sai ya ɗaga murya, "Injiniya, ga na ƙofa ya dawo!" Injiniya kuwa abin ya zame masa wasa. Ya mayar da ƙyauren hagu, ya dawo da shi dama, ya sa ya buɗe waje, ya mai da laujen ɗigo-ɗigo. Daga ƙarshe ya ce bari ya fito da babban makami. Ya buga mini hoton ɗakin kamar an riga an gina shi, ƙofar ƙarfe koriya, da ɗan gilashi a sama, har da inuwarta a ƙasa.

"Malam," ya ce, yana miƙo mini, "in wannan bai yi ba, laifin ba na ƙyaure ba ne. Na'urar nan tana buɗe ƙofa tana rufewa, amma ba ta lallashin tsohuwa."

Inna ta daɗe tana kallon hoton. Har na fara murna.

"Ta yi kyau," ta ce wa matata. "A kai wa awaki su gani, tunda su za su riƙa kallonta."

Matata ta toshe baki da gefen zane ta shige madafa. Da muka keɓe ta ce, "Malam, kai da Inna an rasa wanda ya fi wani taurin kai. Amma bangon nan ba ya cikin wasanku. Ka dubi gabas."

Na duba, hadari ne. Na tokare bangon da itace biyu, na ce tsohuwa za ta gaji. Ba ta gaji ba. Aka yi yayyafin farko, tsagar ta ƙara baki, ƙasa ta fara zubowa a kan shimfiɗarta. Na roƙe ta ta koma ɗakin matata kafin a gama magana. Ta gaya wa kazarta cewa ita ba baƙuwa ba ce a gidan mijinta.

Ranar na haƙura da tsirena na ɓoye. Na tafi Ikara da hantsi, na ce wa Injiniya ya kai ƙofar bangon da ke kallon zaure. Ya kama ta da ɗan abin nan da yake ja a kan tebur, ya ɗauke ta kamar an ɗauki ƙwayar gyaɗa, ya ajiye a can. Ban gama gyara zama ba an gama.

"Da tun farko aka yi haka," ya ce.

"Tsofaffi suna canja ra'ayi," na ce.

Ruwa ya tare ni wajen Saulawa, mai iska sosai. Na fake a rumfar wani masallaci, takardar tana cikin leda a ƙarƙashin rigata, zuciyata tana gida. Da ya tsagaita na taho cikin taɓo ina salati.

A zaure na sami Inna, zaune a kan tabarmarta, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Da iska ta taso matata ta ɗauke tabarmar da carbinta ta fito da su, dole tsohuwa ta biyo kayanta. Bayan fitarsu kaɗan bangon ya zauna, rufin ya bi shi.

Na tsuguna, na miƙa takardar. Ta nemi zaure, ta nemi laujen, ta ga suna kallon juna.

"A ce masa ya yi," ta ce wa matata. "Amma a ƙara wa ƙofar faɗi kaɗan."

Da gari ya sarara muka tone ƙasar. An rasa ɗakin gaba ɗaya, da gadon ƙarfe, da randa biyu, da jeren kwalla na aurenta, da rabin buhun irin gyaɗa, da kaza ɗaya da ƙwai tara da take kwance a kai.